Kwas kan matsalar barci: hurumin likitan haƙori ne?

Tambaya: Wata matashiyar likitar haƙori ta rubuto cewa shekararta biyar tana aiki, lokacin sabunta lasisi ya matso, tana neman kwas ɗin ƙaro ilimi. Tana yawan ganin tallan kwasa-kwasai kan minshari da yankewar numfashi cikin barci. Tana so ta sani: wannan aikin likitan haƙori ne, ko ta tsaya kan cututtukan baki? Kuma ta yaya za ta gane kwas na kirki?

Amsa:

Ƙanwata, huruminki ne, amma hurumin yana da iyaka. Naki shi ne ki gano alama, ki yi tambaya, ki tura mutum wurin likitan da zai yi masa gwajin barci. Idan ya dawo da takardar cewa na'urar baki, wadda ake kwana da ita don buɗe hanyar iska, ita ce ta dace da shi, ki yi masa ita, ki ci gaba da lura da haƙoransa. Tabbatar da cewa wane yana da ciwon, da auna tsananinsa, wannan na likitan barci ne. Duk kwas ɗin da bai faɗa miki haka tun a awar farko ba, riƙe kuɗinki. Sannan wannan "ko" da kika saka tsakanin abubuwan biyu ban yarda da shi ba, domin a kujerar aiki ba sa rabuwa. Bari in ba ki labarin yadda na gane haka.

Shekarun baya wani direban babbar mota ya zo mini da haƙorin turmi ya tsage. Mutum ne kakkaura, ya haura hamsin, wuyansa ya cika kwalar riga taf. Saman haƙoransa duk ya cinye ya yi sumul, kamar an bi su da dutsen washi. Na ce cizon haƙora ne cikin barci, na gyara wanda ya tsage, na auna bakinsa na yi masa robar kare haƙora. Ina tuna cewa da na kwantar da kujera ina jiran allurar kashe zafi ta kama, ko minti uku ba a yi ba ya ɓingire da barci, har da minshari. Ni da mai taimaka mini muka ce gajiyar hanya ce. Gefen harshensa akwai shatin haƙora a jere, belinsa ya yi tsawo ya yi ja, kuma ko da ya wangale baki ba a hango bayan maƙogwaro sam. Duk na gani, ban dai san me nake gani ba, domin ba a taɓa koya mini ba. Bayan kamar shekara biyu ya dawo da tabo a goshi. Gyangyaɗi ne ya kwashe shi a kan sitiyari, Allah ya taƙaita abin, kuma daga asibitin aka tura shi gwajin barci, aka tarar numfashinsa yana yankewa fiye da sau 30 a kowace awa. Har yau abin yana ci mini rai. Mutumin ya kwanta a gabana baki buɗe, fitila na haska maƙogwaronsa, na sallame shi da roba.

Ga yadda ciwon yake. Idan mutum ya yi barci, naman da ke riƙe hanyar iska a buɗe yakan saki. Ga yawancin mutane hakan ba ya haifar da komai. Amma wanda dama hanyarsa matsattsiya ce, saboda ƙiba, ko babban harshe, ko muƙamuƙin ƙasa da ya koma baya, ko manyan tonsil (ƙululun naman da ke gefen maƙogwaro biyu), sai tushen harshe da ganɗa mai laushi su faɗa baya su toshe ta. Ƙirji na ta kokawar jan iska, iska ba ta wucewa. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta zaburar da shi ya ɗan farka na 'yan daƙiƙoƙi, ya ja numfashi da ƙarfi, ya koma. Gari na wayewa ba zai tuna komai ba, sai ciwon kai da bushewar baki da jin kamar bai runtsa ba. A gwajin barci ana ƙirga yankewar da ta kai daƙiƙa 10, a haɗa da lokutan da numfashi ya ragu, a fitar da ma'aunin AHI, wato sau nawa a awa guda. Ga babban mutum, daga 5 zuwa ƙasa da 15 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura haka mai tsanani. Wannan zabura ta kowane dare tana ɗaga hawan jini, tana da alaƙa da rikicewar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da wahalar daidaita ciwon suga. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 a mujallar Lancet Respiratory Medicine ya ce kusan mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya. Akasarin masu shi ba a taɓa gwada su ba.

Mai minshari da wuya ya je asibiti saboda minshari, shi dai barcinsa yake, mai kwana kusa da shi ne ke shan wahala. Amma zai zo cike haƙori, zai zo a wanke masa, zai kawo ɗansa. Babu wani ma'aikacin lafiya da ke leƙa maƙogwaron mutanen da suke ganin lafiyarsu ƙalau kamar mu. Shi ya sa a 2017 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fitar da matsaya cewa ya kamata likitan haƙori ya riƙa tantance alamun matsalar numfashi cikin barci yayin ɗaukar tarihin marar lafiya, ya tura wanda yake zargi wurin likitan da ya dace.

Tantancewar ba ta buƙatar wata na'ura. Akwai tambayoyi takwas da ake kira STOP-Bang, waɗanda Frances Chung, likitar sa barci don tiyata a Toronto, ta fitar tare da abokan aikinta a 2008. Ana tambayar minshari mai ƙarfi, da yawan gajiya ko jin barci da rana, da ko wani ya taɓa ganin numfashinsa ya tsaya, da hawan jini. Sai a duba ko ma'aunin ƙibarsa na BMI ya haura 35, ko ya wuce shekara 50, ko kaurin wuyansa ya kai wajen santimita 40, da ko namiji ne. Eh guda uku sun isa a fara zargi, biyar zuwa sama kuwa haɗari ne babba. Sai dai ki yi hattara wajen mata. Da yawansu ba za su ce miki suna minshari ba, za su ce rashin barci, ko kasala, ko ciwon kai da safe, kuma haɗarin yana ƙaruwa bayan daina al'ada. Tambayoyin sukan tsallake su, don haka ki haɗa da abin da idonki ya gani a baki.

Yanzu na'urar baki, wadda ita ce ake tallata miki. Babban magani har yanzu shi ne CPAP, injin da ke hura iska ta hanci ya hana maƙogwaro rufewa, wanda Colin Sullivan ya bayyana a Sidni ta Ostiraliya a 1981. Ya fi komai rage yankewar numfashi, matsalarsa dai mutane da yawa ba sa iya jure kwana da shi. Na'urarmu tana riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba, ta janyo harshe tare da shi, hanyar iska ta ƙara faɗi. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar tare da takwararta ta likitocin haƙori masu aikin matsalar barci a 2015 ta ce a ba da na'urar ga babban da ya kasa jure CPAP ko ya zaɓi wata hanya, likitan barci ya rubuta, ƙwararren likitan haƙori ya yi ta daidai bakin mutum, ta zama wadda ake iya ƙara mata gaba sannu a hankali, sannan a sake gwajin barci da ita a baki. Wannan gwaji na biyu shi aka fi yin sakaci da shi, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Na'urar tana iya kashe ƙarar minshari alhali numfashi yana ci gaba da yankewa. Iyali su samu barci, kowa ya yi miki godiya, mutum kuwa oksijin ɗinsa na nan yana faɗuwa kowane dare, ga shi an cire ƙararrawar da za ta sa a kai shi asibiti.

A nan ne cututtukan baki suka shigo, ba don na ga dama ba. Na'urar a kan haƙora take zama, tana jan su awa shida ko bakwai kowane dare, shekara da shekaru. Galibi ana son haƙora lafiyayyu kamar takwas zuwa goma a kowane muƙamuƙi. Idan dasashi na ciwo, ƙashin da ke riƙe haƙora ya zaizaye, kika ɗora wannan nauyi a kai, kin gaggauta zubewarsu. Ko a lafiyayyen baki ma, da tafiya ta yi nisa haƙoran gaba na ƙasa sukan karkato gaba, na sama su koma baya, turame su daina haɗuwa yadda suka saba, mahaɗar muƙamuƙi ta yi tsami da safe. Wanda bai iya auna aljihun dasashi (ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi) da kyau ba, bai iya duba mahaɗar muƙamuƙi ba, bai ɗauki hoto da awon cizo tun ranar farko ba, bai shirya yin wannan aiki ba, ko da satifiket nawa ya rataye a bango.

Don haka in da ni ce ke, da dasashi zan fara. Ki tambayi kanki ko kina rubuta ganewar ciwo da tsarin da aka amince da shi a taron Shikago na 2017, wanda ƙungiyoyin masana dasashi na Amurka da Turai suka shirya. An daina raba ciwon zuwa mai tafiya a hankali da mai gaggawa. Yanzu ana ba shi mataki daga 1 zuwa 4 gwargwadon ɓarnar da ya yi da wahalar gyaranta, da daraja daga A zuwa C gwargwadon saurin tafiyarsa. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne ya tilasta miki ki dubi mutum gaba ɗayansa: mai shan sigari kara 10 ko fiye a rana, ko mai ciwon suga da HbA1c ɗinsa, wato gwajin matsakaicin sugan jini na 'yan watanni, ya kai kashi 7 cikin 100, yana hawa daraja C, mafi sauri. Kin ga mai ciwon suga da ƙiba da hawan jini da ke zaune a kujerarki dasashinsa na zubar da jini, shi ne dai mutumin da STOP-Bang zai kama. Idan kuma yana shan amlodipine ko nifedipine don hawan jinin, dasashin na iya kumbura ya hau kan haƙora, kamar yadda phenytoin na farfaɗiya da cyclosporine na masu dashen gaɓa suke sa shi yi.

Sai bushewar baki. Miyau dama yana raguwa ƙwarai cikin barci. Ki ƙara masa mutumin da ke kwana baki buɗe yana jan iska ta nan, ga magungunan da ke ƙara busar da shi. Abin da za ki gani shi ne ruɓa a wuyan haƙora dab da dasashi, da dasashin gaba na sama ya yi ja yana sheƙi, da warin baki da safe, wani lokaci da farin kandida, wato ciwon fungas, a harshe. Masu yankewar numfashi da yawa kuma suna fama da ƙwannafi da dare. Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan tsamin baki ya ƙaru har ma'auninsa na pH ya sauka ƙasa da 5.5, asid ɗin ciki kuwa ya fi haka tsami nesa ba kusa ba. Shi ya sa idan kika ga bayan haƙoran sama, ta ɓangaren ganɗa, ya yi santsi ya lotsa, ki tambayi yadda darensa yake kafin ki ɗora laifin a kan abin sha.

Cizon haƙora kuwa a nan ake yawan wuce gona da iri. Gaskiya ne yawancin cizon yana zuwa ne tare da waɗannan ƙananan farkawa, kuma ana samun su biyun a mutum ɗaya. Amma bincike bai tabbatar da cewa ɗaya ne ke haifar da ɗayan ba, kuma matsayar da masana suka cimma a 2018 ta ɗauki cizon haƙora cikin barci a matsayin ɗabi'ar jiki ga mai lafiya, ba lallai cuta ba. Duk malamin da ya tsaya ya ce kowane cinyayyen haƙori shaida ce ta toshewar numfashi, ya faɗi abin da ba shi da hujjarsa. Abin da na ɗauka a aikina shi ne: ba na yi wa mai minshari robar kare haƙora sai na yi masa tambayoyin nan takwas, domin wasu ƙananan bincike sun nuna robar sama tana iya ƙara tsananta yankewar numfashi ga wasu. Haka nan kafin ki ba kowa midazolam, maganin kwantar da hankali, ko maganin ciwo dangin opiyod, ki san yadda yake numfashi da dare, domin waɗannan suna ƙara sakin naman maƙogwaro kuma suna rage zaburar da ke ceton sa.

Yara nasu daban ne. A wurinsu yankewa ko sau ɗaya a awa ba a ɗaukar ta daidai, kuma babban dalili shi ne girman tonsil da naman bayan hanci, cire su ne maganin farko, aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Yaron ba lallai ya riƙa gyangyaɗi ba; sau da yawa rashin natsuwa ne, da fitsarin kwance, da koma baya a karatu. Ke za ki ga baki a buɗe kullum, leɓe a bushe, ganɗa mai zurfi matsattsiya, haƙoran sama a cunkushe. Ki tura shi. Ki kuma yi nesa da masu alƙawarin cewa wata roba za ta buɗe wa kowane yaro hanyar iska ta hana shi ciwon har abada.

Akwai abu ɗaya da ba na so ɗokin sabon fanni ya sa ki manta, wato sankarar baki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke da wata cutar baki, kuma ana samun sababbin masu sankarar baki wajen 380,000 a shekara. Duba ta minti biyu ne: ki kama harshe da ƙyallen gos ki juya shi ki ga gefensa har baya, ki ɗaga ki duba ƙasan baki, ki shafa wuya ki ji kaluluwa. Gyambon da ya kai mako uku bai warke ba, ko fari ko jan tabo da ba ya gogewa, a tura shi a yanki nama a gwada, ba a ƙara masa wani zagayen maganin kurkure baki ba. Wanda ya saba wannan dubawa, ƙara kallon beli da tonsil da faɗin maƙogwaro daƙiƙa goma ne kawai, a wuri guda, da madubi guda.

Batun zaɓen kwas ba shi da tsawo. Ki fara duba wa ya biya kuɗin shirya shi. Idan kamfanin da ke ƙera na'ura ne, ba laifi ki je ki koyi tasa, amma ki san kasuwa kika shiga. Ki duba ko cikin masu koyarwa akwai likitan barci, ko za a sa ki karanta ainihin sakamakon gwajin barci da idonki, ko za ki ɗauki awon tura muƙamuƙi da hannunki a bakin mutum, ko an ware lokaci na musamman don illolin na'ura da waɗanda ba ta yi musu aiki ba. Malamin da bai nuna miki ko mutum ɗaya da ya gaza a kansa ba, ɓoye miki ya yi. Kwas ɗin da rabinsa lissafin ribar da za ki samu ne, kin san inda ya dosa. Sannan ki tabbatar hukumar da ke ba ki lasisi ta amince da shi, domin kowace ƙasa da nata tsarin. A Birtaniya, misali, tun 2018 ana buƙatar likitan haƙori ya yi awa 100 cikin shekara biyar, kuma ya rubuta tsarin abin da yake so ya inganta a aikinsa. Wannan rubutun ya fi mini ƙirgen awoyi amfani, ko da ba a wajabta miki ba. Ki ɗauko katin marasa lafiya ashirin na ƙarshe da kika gani, ki duba a nawa kika rubuta awon dasashi, a nawa kika rubuta kin duba harshe da wuya, a nawa kika tambayi barci. Inda kika ga giɓi, nan kwas ɗinki yake. Laccar intanet ta isa ga ilimin karatu, amma abin da hannu zai yi sai an tsaya a kanki an gyara miki.

Kada kuma ki tafi ke kaɗai. Mai wanke haƙora da nas ɗinki sun fi ki daɗewa da marar lafiya, su ake gaya wa abin da ake jin nauyin gaya wa likita. Kafin ki biya kuɗin kowane kwas, ki nemo likitan da za ki riƙa tura wa mutane, likitan barci ko na huhu ko na kunne da hanci da maƙogwaro, ki zauna da shi ku yarda kan abin da takardar turawa za ta ƙunsa da yadda sakamako zai dawo gare ki. In ba haka ba za ki tara mutanen da kika tayar wa hankali, babu inda za ki kai su.

Direban nan har yanzu yana zuwa mini duk wata shida. CPAP aka ba shi, ya kuma saba da shi, hawan jininsa ya lafa. Abin da muke fama da shi yanzu iska ce da ke zurarewa ta bakinsa da dare tana busar da shi, har ruɓa ta fara kama wuyan haƙoransa biyu na ƙasa. Na rubuta wa likitansa na barci, aka canza masa abin rufe fuska aka ƙara wa injin danshi, ni kuma ina shafa masa fuloraid a kowane zuwa, ina auna dasashinsa ina rubutawa.